Yadda ake gane babban ƙwaron damisa na filin ciyawa har a kai ga reshensa

Ƙwarin damisa dangi ne na ƙwari masu sulke, mafarauta, waɗanda masana ke kira Cicindelidae. An san jinsinsu sama da 2,600 a duniya. Wanda za mu yi aiki da shi a nan shi ne Cicindelidia obsoleta, babban ƙwaron damisa na filayen ciyawar tsakiya da kudu maso yammacin Amurka da arewacin Meziko, wanda Thomas Say ya fara bayyanawa a 1823. Yana da rassa huɗu a cikin Amurka, akwai wasu kuma a Meziko, kuma launinsa na ruɗar da mai koyo ƙwarai. Wanda ya iya rarrabe rassan wannan ƙwaro ya samu hanyar da zai bi da sauran.

Reshe na nufin wani ɓangare na jinsi guda da ke zaune a yankinsa na daban, kamanninsa sun ɗan bambanta da na 'yan'uwansa, amma inda iyakokinsu suka haɗu suna barbarar juna su hayayyafa. Saboda haka ba a yanke hukuncin reshe da launin ƙwaro ɗaya tal. Ana bukatar abu uku tare: wurin da aka same shi, ƙirar jikinsa, da kamannin 'yan'uwansa na wannan wurin. In ɗaya ya ɓace, hukuncin ya raunana.

Kayan aiki

Ragar kamu mai faɗin baki santimita 30 zuwa 38, da mariƙi kamar mita ɗaya. Ƙananan kwalabe masu murfi, da yawa, domin kowane ƙwaro kwalbarsa daban. In ka haɗa biyu a kwalba ɗaya za ka tarar ɗaya ya yayyage ɗan'uwansa. Gilashin ƙara girma na hannu mai ninka abu sau 10. Rula mai milimita, ko ma'aunin kauri irin na makanikai. Matsefata mai siririn baki, fil na ƙwari lamba 2, fensir, littafin rubutu, da waya mai nuna lambobin wuri a taswira. Fensir muka ce ba biro ba, don tawadar biro tana narkewa in takarda ta shiga sinadari.

Kafin ka fita, ka nemi izini. A gandun dajin gwamnati na Amurka ba a kama ƙwaro sai da takardar izini, gonakin kiwo kuwa masu su ke da iko da su. Akwai kuma ƙwarin damisa da doka ta hana taɓawa. Na Salt Creek da ke jihar Nebraska, Cicindela nevadica lincolniana, an saka shi cikin jerin masu fuskantar ƙarewa a 2005, kuma reshe ne, ba jinsi sukutum ba. Ka ga ke nan sunan reshe ba ado ba ne, har kariyar doka tana rataya a kansa.

A fili

Kada ka nemi wannan ƙwaro cikin ciyawa mai duhu. Yana son fako, wato 'yan wuraren da ƙasa ta fito fili tsakanin tushen ciyawa, da turbar shanu, da gefen hanyar da ba kwalta, da gangaren tudu mai tsakuwa. A nan yake tsayawa ya hangi tururuwa da sauran ƙananan ƙwari, ya ruga ya cafke. Lokacinsa daga tsakiyar zafin shekara ne zuwa kaka, musamman bayan an yi ruwa. A Arizona da Niyu Meziko ruwan Yuli da Agusta ke fito da shi, a Misuri kuwa sai ƙarshen Agusta ake fara ganinsa, ya kai har Oktoba. Hantsi ya fi dacewa, daga ƙarfe tara zuwa sha ɗaya. Da sassafe yana ɓoye, in rana ta take kuma jikinsa ya ɗau zafi, kafin ka matso ya tashi.

Yawanci shi zai riga ka gani. Zai tashi da ƙarfi, ya yi nisa fiye da ƙananan 'yan'uwansa, ya dira. Kada ka bi shi da gudu. Tsaya cak, ka bi shi da ido har inda ya sauka, ka riƙe wata alama a wurin, dutse ko tushen ciyawa. Sannan ka tafi a hankali, a sunkuye, rana tana gabanka don kada inuwarka ta faɗa masa. Ragar tana ƙasa-ƙasa a gabanka, ba a sama ba, domin motsin abu daga sama shi ya fi tsorata shi. In ya rage kamar tsawon mariƙin, sai ka kifa ragar a kansa da sauri, ka danne bakinta da ƙasa. A nan mutane da yawa ke asararsa: maimakon ya hau sama cikin ragar, sai ya bi gefen ƙarfen yana neman kafa, in ƙasar ba ta daidaita ba ya sulale. Ka danne gefen da hannu ɗaya, ka lalubo shi ta bayan ragar da ɗayan, ka riƙe shi a ƙirji tsakanin yatsu biyu. Yana cizo, amma ba shi da dafi.

Tun kana wurin ka rubuta kwanan wata, lambobin wurin, tsayinsa daga teku, irin ƙasar, da irin ciyawar. Ƙwaron da ba a san inda aka kamo shi ba ba zai taɓa samun sunan reshe na gaskiya ba, komai kyansa. Ka kuma rubuta launin duk waɗanda ka gani, har waɗanda suka tsere, domin hannu kan karkata ga masu kyan launi, a dawo gida da koraye zalla alhali baƙaƙe sun fi yawa a filin. In wurin na da yawan ƙwarin, goma zuwa ashirin, maza da mata, sun isa a ga yadda suke bambanta. In 'yan kaɗan ka gani, hoto ya wadatar, ka bar su su hayayyafa.

Tabbatar da dangi, da mace ko namiji

Ka fara da kai. Idanun ƙwaron damisa manya ne, sun bultso gefe da gefe, har kan ya fi garkuwar da ke bayan wuya faɗi. Muƙamuƙansa dogaye ne, lanƙwasassu kamar lauje, da haƙora a ciki, kuma suna gittawa in ya rufe baki. Eriyarsa gaɓa 11 ce, tana fitowa daga goshi a saman tushen muƙamuƙi. Ƙafafu dogaye ne sirara. Ƙwarin ƙasa na dangin Carabidae, waɗanda aka fi ruɗa shi da su, kansu ya fi garkuwar ƙanƙanta a galibi, eriyarsu kuma daga gefen kai take fitowa, tsakanin ido da muƙamuƙi.

Sai ka juya shi ka dubi ƙafafun gaba da gilashi. Namiji gaɓoɓi uku na farko na tafin ƙafarsa sun yi faɗi, ƙarƙashinsu cike da gashi mai laushi da yake manne wa mace da shi. Na mace sirara ne, babu wannan gashin. Ƙarshen cikin namiji kuma yana da 'yar tsaga. Ka raba su tun yanzu, domin mata sun ɗan fi girma, kuma in ka auna matan wani wuri ka gwada da mazan wani wuri za ka ƙirƙiro bambancin da babu shi.

Tabbatar da jinsi

Auna tsawo daga gaban kai, ban da muƙamuƙi, zuwa ƙarshen sulke, wato fukafukan nan biyu masu tauri da suka rufe baya. Duk inda ka fara awo, ka riƙe shi ga kowane ƙwaro. Cicindelidia obsoleta yakan kai milimita 15 zuwa 20, yana cikin manyan ƙwarin damisa na Arewacin Amurka. Bayansa ba ya ƙyalli, dishi-dishi yake kuma sumul. Goshinsa ba gashi, sai 'yan silin da ke saman ido.

Wannan goshin yana raba gardama. Akwai ƙwarin damisa na gidan Cicindela (gida shi ne rukunin jinsuna makusanta juna) da ke fitowa a farkon shekara da kuma kaka, kamar Cicindela purpurea, wanda shi ma yana da baƙaƙe a filayen ciyawar yamma. Goshinsu cike yake da farin gashi a tsaye. Sai dai ka yi hattara, gashi na karyewa a jikin tsohon ƙwaro. In ka ga goshi fayau, ka karkata shi a haske ka duba ko akwai 'yan ramukan da gashin ya fita daga ciki. In akwai ramuka birjik, da gashi a da.

Wanda aka fi cin karo da shi a fako ɗaya da namu shi ne Cicindelidia punctulata. Shi ƙarami ne, milimita 11 zuwa 13, kuma a kowane sulke yana da jerin ƙananan ramuka masu ƙyallin kore, sun bi kusa da layin da sulken biyu suka haɗu. Da ka ga wannan jerin a ƙaramin ƙwaro, ka ajiye shi gefe.

Karanta zanen baya

Fararen zanen da ke kan sulke suna da tsari guda a kusan duk dangin, kuma sai ka san gurbin kowanne kafin ka ce ya cika ko ya ragu. Akwai zanen kafaɗa, lanƙwasasshe, a kusurwar gaba ta waje. Akwai zanen tsakiya, wanda ke tasowa daga gefe ya nufi ciki, sannan ya karya ya yi baya. Akwai zanen ƙarshe a bakin sulke ta baya. A wasu jinsunan akwai layin gefe da ke haɗa su. Ga kowane ƙwaro ka rubuta halin zane ukun nan ɗaya bayan ɗaya: cikakke ne, ya tsinke ya zama ɗigo-ɗigo, ko babu shi sam, mai kauri ne ko siriri. A zanen tsakiya ka ƙara da yadda ya karya. Ka duba sulken dama da na hagu, don wani lokaci ba sa zuwa ɗaya.

Launi kuwa a hasken rana ake dubansa, a inuwa, ba ƙarƙashin ƙwan lantarki mai ja-ja ba. Koren ƙwarin damisa da shuɗinsu ba rini ba ne, siraran bene-bene ne a cikin fatar sulke ke mayar da haske, shi ya sa launin ke canzawa in ka karkata shi. Ka dube shi daga sama kai tsaye, ka rubuta wannan.

Rassa huɗu na Amurka

Cicindelidia obsoleta obsoleta shi ne reshen asali, mai maimaita sunan jinsi. Gidansa yammacin manyan filayen ciyawa na tsakiyar Amurka: gabashin Kolorado, yammacin Kansas da Oklahoma, arewa maso yammacin Teksas, da gabashin Niyu Meziko. Mafi yawansu baƙaƙe ne, zanensu ya ragu, wasu ma babu ko ɗigo.

Cicindelidia obsoleta santaclarae yana kudu maso gabashin Arizona, da sassan Niyu Meziko da yammacin Teksas, ya tsallaka Meziko. Zanensa ya fi na sauran kauri da fitowa fili. Launinsa kuwa ba ya tsayawa wuri ɗaya: a fili guda za ka ga kore shar, da shuɗi, da ruwan ƙasa, da baƙi. A nan gizo ke saƙar. Mai koyo ya kama kore da baƙi a rana ɗaya sai ya ɗauka rassa biyu ya samu, alhali rassa biyu na jinsi ɗaya ba sa zama a fako ɗaya suna hayayyafa kowa da nasa kamanni. In ka ga kala biyu a wuri ɗaya, ko dai reshe ɗaya ne mai launi iri-iri, ko kuma jinsi biyu ne mabambanta, sai ka koma kan awo da goshi.

Cicindelidia obsoleta vulturina, wanda John LeConte ya bayyana a 1853, yana gabas da sauran: tsakiya da gabashin Teksas har cikin Oklahoma. Baƙi ne ko kore mai duhu, zanensa sirara, zanen tsakiya ya karya da kusurwa mai kaifi, siffar harafin V a kife. Yana da wata jama'a da ta ware can nesa, ɗaruruwan kilomita daga sauran, a tuddan White River da ke kudu maso yammacin Misuri da arewacin Arkansas, a kan buɗaɗɗun wurare masu duwatsun dolomait da siririyar ƙasa a tsakiyar daji. A can ma ana samun kore da ruwan ƙasa da baƙi. Wanda ya kama kore mai cikakken zane a Misuri ya kira shi santaclarae saboda launi ya yi kuskure babba, domin tsakaninsa da ƙasar santaclarae akwai jihohi.

Na huɗu, Cicindelidia obsoleta neojuvenilis, yana can kudancin Teksas wajen kogin Rio Grande. Ya fi sauran ƙanƙanta, kuma ba kasafai ake ganinsa ba.

Tsarin aiki shi ne taswira tukuna, sannan zane, launi a ƙarshe. Ɗora lambobin wurinka a kan taswirar rassan. In ka faɗa tsakiyar ƙasar reshe guda, kuma galibin ƙwarinka sun yi daidai da bayaninsa, ka ba su sunan, har da ɗaya ko biyun da suka fita daban, domin sunan na jama'ar wurin ne. Masana sun daɗe suna aiki da wata ƙa'ida da Dean Amadon ya tsara a 1949, cewa kafin a kira jama'a reshe sai an iya rarrabe aƙalla kashi 75 cikin ɗari nata daga kusan dukkan 'yan ɗaya jama'ar. Ma'anarta a aikace ita ce ko a reshe ingantacce ana iya samun ɗaya cikin huɗu da ba zai nuna kansa ba. In kuwa wurinka na bakin iyaka ne, kamar wasu sassan Niyu Meziko da yammacin Teksas, za ka ga masu tsaka-tsakin kamanni, zanensu ya fi na reshen asali yawa amma bai kai na santaclarae ba. Kada ka tilasta musu suna. Ka rubuta sunan jinsi kawai, ka ƙara da cewa tsaka-tsaki ne tsakanin rassa kaza da kaza. Wannan amsa ce cikakkiya, kuma ta fi amfani ga wanda zai zo bayanka yana neman inda iyakar take.

Adanawa, da abin da ke ɓata hukunci

Hanya mafi sauƙi ta kashe ƙwaro ita ce firiza, kwana biyu. A fili ana amfani da kwalba mai auduga da aka ɗiga wa sinadarin etil asitet. In kana son gwajin ƙwayoyin halitta daga baya, ka cire ƙafar tsakiya ɗaya tun yana sabo ka jefa a etanol mai ƙarfin kashi 95, da lamba ɗaya da ta ƙwaron.

Babbar matsalar ƙwarin damisa maiƙo ne. Bayan 'yan makonni kitsen cikinsu yana tsattsafowa ya jiƙe sulke, farin zane ya koma rawaya sannan ya dushe, kore ya yi duhu. Da haka santaclarae mai cikakken zane zai koma kamar baƙin reshen asali a idon wanda bai sani ba. Maganinsa a jiƙa ƙwaron a asiton kwana ɗaya ko biyu, a riƙa canzawa har ya daina yin rawaya, a fitar a shanya. Asiton yana kama wuta kuma yana cin wasu robobi, don haka kwalbar gilashi mai murfi, nesa da wuta, a inda iska ke shiga. Sabon ƙwaron da bai daɗe da fitowa daga ƙasa ba shi ma yana ruɗarwa, jikinsa da laushi kuma launinsa bai nuna ba. In ka taɓa sulke ya lotsa, kada ka dogara da launinsa.

Fil yana shiga ta sulken dama, kusa da gaba, ɗan nesa da layin tsakiya, ya fita tsakanin ƙafar tsakiya da ta baya. Ka bar kamar milimita 10 a sama don kamawa. Kada ka soke ta kan zane. Ka ja ƙafafu kusa da jiki, ka mayar da eriya baya, ka ɗan buɗe muƙamuƙi don leɓen sama ya fito, domin siffarsa da haƙoransa da yawan gashinsa na cikin abin da masana ke dubawa. Ya bushe mako ɗaya zuwa biyu. A ƙarƙashinsa takarda biyu: ta farko wuri da kwanan wata da sunan wanda ya kama, a rubuta wata da lambar Romawa don kada 8 ga 9 ta rikice da 9 ga 8, ta biyu sunan ƙwaron da wanda ya sa masa da shekarar. An raba su ne don suna na iya canzawa, wuri ba ya canzawa. Akwatin ya zama mai rufuwa ruf, da kafur a kusurwa saboda ƙwarin da ke cin busassun ƙwari.

In shakka ta kai ga jinsin kansa, sai a koma ga al'aurar namiji. A jiƙa ƙwaron a ruwan zafi minti goma zuwa sha biyar ya yi laushi, a zaro gaɓar da matsefata ta ƙarshen ciki, a sa ta a ruwan sinadarin potasiyam haidiroksaid mai ƙarfin kashi 10 har nama ya narke, a ɗauraye, a duba a na'urar ƙara girma, a ajiye ta cikin gilisarin a 'yar kwalba a jikin fil ɗin ƙwaron. Da irin wannan bincike ne Émile Rivalier ya rarraba tsohon gidan Cicindela na nahiyar Amurka a 1954, inda sunan Cicindelidia ya fito. Amma wannan gaɓa jinsi da gida take rabawa. Tsakanin rassan jinsi ɗaya yawanci kusan iri ɗaya ce, haka ma gwajin ƙwayar halitta ta COI da aka saba yi sau da yawa ba ya raba rassa.

Rubuta sunan

Jerin ya tafi haka: rukunin Coleoptera, dangin Cicindelidae, gidan Cicindelidia, jinsin obsoleta, sai reshe. Za ka tarar da rubuce-rubuce da yawa sun sa ƙwarin damisa a matsayin ƙaramin dangi, Cicindelinae, a cikin Carabidae, sun kuma kira namu Cicindela obsoleta. Ƙwaro ɗaya ne, tsari ne ya bambanta, sai ka nemi bayanansa da sunayen biyu. Sunan reshe kalma uku ne, ta farko kaɗai ke da babban harafi: Cicindelidia obsoleta vulturina (LeConte, 1853). Bakan da ya kewaye sunan LeConte yana nuna cewa a wani gida ya fara bayyana shi, daga baya aka mayar da shi nan. In ka rubuta shi a gidan Cicindela, sai ka cire bakan. Launi kuwa ba ya samun sunan Latin. Kore ko baƙi sai a rubuta a bayani.

Wanda ba ya son kashewa zai iya yin aikin da hoto, muddin ya ɗauki baya daga sama kai tsaye, da gefe, da fuska, tare da rula a cikin hoton, ya ɗora a iNaturalist, shafin intanet na tattara hotunan halittu, da lambobin wurin daidai. Hoton da aka ɗauka a karkace yana gajarta zanen tsakiya ya ɓoye karyarsa, alhali da wannan zanen ake gane vulturina.

Cicindelidia obsoleta ba ya ƙasar Hausa, amma danginsa suna nan. Myriochila melancholica ya bazu a Afirka, ana ganinsa a danshin bakin ruwa kuma yana zuwa hasken fitila da dare, 'yan gidan Lophyra kuma suna kan yashi. Matakan kamu da awo da karanta zane da wanke maiƙo duk ɗaya ne, sunaye da taswira ne za su canza. Ɗalibin da ya tara nasa da cikakkun takardun wuri zai iya kai su ɗakin adana ƙwari na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru, Zariya, a gwada su da waɗanda aka riga aka sa wa suna.